Jan Ɗigo a Bakin Rafi

A ofishin ruwa na Zomba, Tamanda tana satar kallon wata dattijuwa da ke tsaye gaban babban allo. Siririya ce, bakin zaninta duk laka, ga sifana ta leƙo daga jakarta. Da gani mai gyaran famfon ƙauye ce, ta yi sammako a keke.

Taswirar rijiyoyin burtsatse da Tamanda ta haɗa ce a allon. Kowace rijiya da ɗigonta, ja na nufin ta lalace. Motar kayan gyara ba ta zuwa sai inda ɗigo ya yi ja.

"'Yata, ina rijiyarmu? Ƙwallo ɗaya nake gani da lamba a cikinsa. Ko kun haɗiye mu ne?"

"Taɓa shi, Mama," in ji Tamanda, murya ƙasa-ƙasa.

Yatsan dattijuwar ya yi kanta saboda aiki, allon ya ƙi jin sa. Sai ta lanƙwasa shi ta ƙwanƙwasa, kamar mai buga ƙofa. Ƙwallon ya fashe, ɗige-ɗige suka watsu kamar tsaba. Ta bi hanya da ido har bakin rafi.

"Ga ta nan, jawur." Ta juya ga masu layi, baki har kunne. "Wata uku ina faɗa ba mai ji. Yau kowa ya zo ya ga lalacewarmu."