Dokar Hana Gaisuwa

Ina shekara ta uku a reshen wani banki a nan Sakkwato aka turo mana sabon manaja. A unguwar Mabera, nan cikin gari, aka yanke masa cibiya, amma kwas ɗin wata shida da ya yi a Legas ya sa yake mana kallon ƙauyawa. Litinin ɗin farko ya kafa doka: ba gaisuwa da kwastoma. Mutum ya zauna, ka tambaye shi me ya kawo shi, shi ke nan. Har agogo yake zagayawa da shi a bayanmu kamar alƙalin wasa.

Dokar ta fi cin abokiyar aikina ta teburin karɓar baƙi. Kirista ce, iyayenta malaman makaranta ne daga Filato, amma Sakkwatancinta ya fi nawa. Manoman shinkafa wurinta suke zuwa. Sai ta tambayi tsoho gajiya da damina da ƙafar da ta dame shi bara, kafin a taɓa takarda. Manaja ya ba ta gargaɗi biyu. Na uku kora ce, kuma ita ke riƙe da mahaifiyarta.

Wallahi ta yi ƙoƙari. Amma rannan dattijon da ke shugabantar manoman ya zauna ya ce, "Ɗiyata, ina gajiya?" Ta amsa, ta tambayi iyali. Kafin la'asar ta kwashe kayanta. Mu kuwa manyan jarumai, kowa ya kafa wa kwamfutarsa ido. Har yau kunyar wannan na cina.

Kaka ta yi, manoma ba su leƙo ba. Da hedikwata ta taso manaja a gaba, sai ya zuba babbar riga, ya ce in raka shi ƙauye. Ya durƙusa gaban dattijon yana jero gaisuwa, har shanu ya tambaya. Tsohon ya bari ya gama, sannan ya ce:

"Mi yak kawo ka?"

Sharaɗinsa ɗaya, a maido ɗiyarsu. Manaja ya ƙi, don sai ya amsa kuskurensa a rubuce. A mota ya yi ta faɗa wai mutanen ƙauye ba su da tarbiyya.

Kwanan baya na haɗu da abokiyar aikin nan tawa a titi, har yanzu tana neman aiki. Ta tsaya tana gaishe ni, ta tambayi mahaifiyata da yarana ɗaya bayan ɗaya. Tana cikin tambaya na tsinci kaina ina duban agogo, kuma ta gani.