Gaisuwar da Muka Kai Mungadi

Ana kiran assalatu muka bar Aliero, mu matan zumunta na cocinmu, za mu Mungadi gaishe da wata tsohuwa. Mijinta ya rasu da damina, ruwa kuma ya cinye mata gonar shinkafa.

Kujerar da muka samu a motar wasu manoman albasa ce. Kafin mu kai Jega duk idanunmu sun yi ja, direba yana tsokanarmu wai mun fara kukan ta'aziyya tun ba mu isa ba.

A Jega muka tarar kayan abinci sun yi tsada ƙwarai. Abin da muka haɗa bai saya mana komai ba sai 'yan mudun gero da bandar kifi kaɗan. Har muka wuce Maiyama kowa na jin kunyar ƙanƙantar abin da za mu miƙa.

Mun sami tsohuwar a tsakar gida tana sussuka, ta rame. Na durƙusa na ce, "Mama, ki yi haƙuri, abin ba yawa."

Ta karɓa da hannu biyu, ta rufe ido ta yi godiya ga Ubangiji. Sannan ta roƙi a karanta mata wurin da Yesu ya ciyar da babban taro a jeji da gurasa biyar da kifi biyu, don marigayin yana son wurin. Da aka gama ta ce, "Ɗiyata, kin lura? Gurasar tana nan 'yar kaɗan ya yi godiya, ba bayan ta yawaita ba. Ni ma randa ruwa ya tafi da gonata haka na yi, ina kuka."

Ta kai mu bakin rumbunta, ga dammunan gero a ciki. Maƙwabtanta Musulmi ne, in ji ta, da sunka yi girbi kowa ya kawo nasa, har limamin unguwar.

Ta dafa kifin da miyar kuka, ta kira matan maƙwabta, muka ci tuwo tare, kowa ya ƙoshi.

Da la'asar muka iso gida lafiya. Na daɗe ina jiran sai Allah ya cika mini hannu kafin in gode masa. Tun daga ranar nan, da abin da ke hannun nake fara godiya.