Malamar da Ta Sasanta Auta da Allura

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, aka bugo mini waya ina kan keken ɗinki cewa Allah ya karɓi ranki, Yaya. Maƙwabciyata ce ke, malamar kimiyya mai ritaya, amma a matsayin yaya na ɗauke ki, haka kuma nake kiranki.

Ɗalibanki za su faɗi abin da kika yi musu a aji. Ni abin da kika yi a tsakar gidana zan faɗa.

Autata tana 'yar shekara tara likita ya ce ciwon sukari gare ta, kullum sai an yi mata allura. Ta ƙi. Da ta ga na buɗe firji, inda nake ajiye maganin allurar, sai ta shige ƙarƙashin gado. Na yi lallashi, na yi faɗa, har duka na yi, a banza. Tana ci tana ramewa, ido ya faɗa, har ta suma aka kwantar da ita asibiti. Na fara fid da rai.

Bayan an sallamo mu kika shigo da tukunyar shuka a hannu, kika zauna a ƙasa kusa da ita duk da ciwon gwiwarki.

“Auta, wa ke ba wannan tsiron abinci?”

“Ƙasa, Gwaggo.”

“A'a, da kansa yake girki. Saiwa ta jawo ruwa, ganye ya ɗebi iskar da kike fitarwa, hasken rana ya zama wutar murhu, sai ga sukari. Shi kike ci a cikin hatsi da 'ya'yan itace.”

Kika gaya mata jikinta cike yake da ƙananan ɗakuna, ƙwayoyin halitta, kuma a cikinsu ake ƙona sukarin a hankali da iskar da take shaƙa, ba harshen wuta, ba hayaƙi, har a sami ƙarfin gudu da dariya.

“To naki sukarin yana tsaye bakin ƙofa, ɗakunan a kulle, na ciki suna jin yunwa. Allurar nan mabuɗi ce.”

Auta ta ce, “Ashe ba horo ake mini ba?” Sai ta miƙo hannu da kanta. Na koma bayan ƙofa na yi kukan da na daɗe ina riƙewa.

Daga ranar ba ki rabu da ita ba. Kin koya mata gwada jininta, kin je makarantarsu kin wayar da kan malamanta, kullum da alewa a jakarki don gudun kada sukarinta ya faɗi. Yau ga ta budurwa, tana karatun aikin jinya.

Da ciwon huhu ya kwantar da ke, mun same ki da robar iska a hanci, numfashi da ƙyar. Kika nuna tukunyar iskar da ke gefen gado, kika ce, “Rayuwata duka itatuwa ke ba ni iskar nan kyauta, ban taɓa cewa na gode ba.” Muka yi dariya, hawaye na zuba. Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya yafe miki kurakuranki, ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'ya'yanki maza, da jikokinki. Allah ya ba su haƙurin wannan rashi.

Da na karanta wa Auta rubutun nan na tambaye ta ko in sa ta cikin masu yin ta'aziyya. Ta ce, “A'a, Inna. Ki sa ni cikin waɗanda ake yi wa.”