Tausayin Matan Masaƙun Ingila

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, sashen Tarihi, aka ba ni taken kundin da zan rubuta: halin da mata ma'aikatan masaƙu suka shiga a Ingila a ƙarni na goma sha tara. Ni da ko Legas ban taɓa takawa ba, sai ga ni na zama lauyar matan Manchester. Ana cikin haka malamai suka tafi yajin aiki, na tattara takarduna na koma gida Roni.

Kullum da hantsi sai in shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin kakata, Iya, in baje littattafai ina ta sauke ajiyar zuciya. Ran nan dai ta gaji ta ce, “Ke 'yar boko, rasuwa aka yi a cikin takardar ne?”

Na gyara zama na kwashe labari na gaya mata. Yadda mata ke tsayuwa gaban inji tun asuba har faɗuwar rana, ƙurar auduga na cika musu ƙirji, in mace ta makara a ci ta tara, har sai da majalisarsu ta yi dokar rage awoyin aiki zuwa goma.

“Goma?” in ji Iya. “Allah sarki! To sauran wunin me suke yi da shi?”

Na ce ba abin dariya ba ne, Iya, zalunci ne.

“Wa ya yi dariya? Waɗannan ba su ne masu aiko mana da yadin akoko ba?” Sai ta ba ni labarin mahaifiyarta, wadda zarenta masaƙan Kazaure ke rububi. Da yadin Turawa ya cika kasuwa da araha, ta wayi gari babu mai taya zaren, ta koma dakau a gidajen mutane har ƙarfinta ya ƙare. “Ki gaishe min da su a takardar taki. Ki ce muna yi musu sannu da aiki.”

Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon mazari da 'yar auduga. Ta ce tunda na ƙware a wahalar zare, in kaɗa mata kamu ɗaya. Na murza, ya faɗi. Na sake murzawa, zaren ya tsinke, mazarin ya gangara ƙarƙashin rumbu, kaji suka watse. Iya ta karɓa da yatsunta masu rawa, ta ja siririn zare ba ta ko kallonsa.

Raina ya ɓaci, amma na kwana biyu ina yi mata tambayoyi. Na rubuta babi guda a kan matan da injin ya kashe wa sana'a a nan gefenmu, ina jin na gano abin da ya shige wa Turawa duhu.

Da aka koma makaranta, malamin da ke duba aikina ya karanta, ya ɗaga gilashinsa.

“A wane littafi kika samo wannan?”

“Kakata ce ta faɗa min, ranka ya daɗe.”

“A wace jami'a take koyarwa?”

Ya ja jan biro tun daga saman shafi har ƙasa. Na cire babin, na ci jarrabawa da sakamako mai kyau. Da na kai wa Iya albishir, ta sa min albarka, ta ce in miƙo mata buta.