Maganin Mutum Ɗaya da Muka Sha Mu Biyu

Mu matan Illo masu ɗauke da ƙanjamau muna da wata dabara da muke ganin ta fi ta kowa. Ba ma karɓar magani a Bagudo, inda za a iya cin karo da ɗan unguwa a bakin asibiti. Sai mu ƙetara ƙasar Benin, inda ba wanda ya san uban wani. Su kuma na can masu irin ciwonmu su ƙetaro su karɓa a gefenmu. Mukan yi kiciɓis a hanya, kowace da kwandonta kamar mai zuwa kasuwa, mu gaisa, mu tambayi gajiya, kowace ta san inda 'yar'uwarta ta nufa.

Ƙanwar mijina ce ta koya mini hanyar. Bayan rasuwar mijina danginsa suka ware mini kwano da moɗa, na kwanta a ɗaki ina jiran tawa. Ita kaɗai ta shigo. Busasshen kifi take sayarwa, kuma bakinta ya fi kifin gishiri. Ta dube ni ta toshe hanci.

"Matarmu, tashi ki yi wanka. Ko mutuwa ba ta shigowa ɗakin ga da wannan wari."

Na ce ta ƙyale ni, ba ta san abin da ke jikina ba. Sai ta kwance bakin zaninta ta fito da wata farar roba ta ajiye a kan tabarma. Maganinta ne. Ta daɗe tana sha, ba wanda ya sani a gidansu. Washegari ta ɗora ni a kan kabu-kabu ta ƙetara da ni. Duk abin da zan faɗa nan gaba, a riƙe wannan: matar nan ce ta tashe ni daga kwance.

Mu tara ne a ƙungiyarmu. A gidanta muke haɗuwa da sunan turara shinkafa, kuma da gaske muna turarawa, don kada hayaƙi ya ƙaryata mu. Wata ma'aikaciyar lafiya daga Bagudo takan zo jefi-jefi cikin kayan gida, ta zauna bakin murhu ta amsa tambayoyinmu. A gefen Benin ma akwai ƙungiya irin tamu, wadda wata tsohuwa cikin Dendawa ke riƙe da ita. Mukan ziyarci juna, mu yi musayar abin da muka iya. Su suka koya mana cusa auduga cikin roba don kada ƙwayoyin su yi ƙara a cikin jama'a, da haɗa shan magani da sallar magariba don kada a manta. Mu kuma muka koya musu yadda ake shaida wa miji: ba a zuwa ita kaɗai, sai da babbar mace a gefe. Muna jin kanmu malamai ƙwarai.

Ni daga baya na mayar da katina Bagudo. Dangin mijina sun riga sun yi mini shela, ba ni da sauran abin ɓoyewa, ga gwiwa ta fara ciwo. Ƙanwar mijina kuwa ta ce faufau. Mai ba da kati a Bagudo ɗan'uwan surukinta ne, a gidansu ɗiyarta ke aure, kuma ta rantse ba za ta zama sanadin da za a nuna yarinyar da baki ba.

Sai aka rufe boda.

Sauran matanmu suka haɗiye kunya ɗaya bayan ɗaya suka koma Bagudo. Ita ta bi hanyar daji da masu fasa-ƙwaurin shinkafa ke bi. Wasu masu kaki suka tare su, suka zazzage jakarta a ƙasa gaban maza, katin asibitinta ya faɗo. Ba wanda ya karanta, amma da ta dawo ta ce ita da hanyar nan har abada. Bayan 'yan makonni ta zo ɗakina ta girgiza robarta kusa da kunnena. Auduga ce kawai a ciki.

Na yi mata faɗa, na roƙe ta, na yi fushi na kwana biyu. Ta ce in na ga dama in yi na shekara. To, ni me zan yi? Mun tashi muna jin cewa abincin mutum ɗaya yana isar biyu. A garinmu in tuwo ya yi kaɗan ba a korar baƙo, sai kowa ya rage loma. Na zazzage maganina a kan faifai na raba biyu, na tura mata rabi. Muka shirya za mu riƙa sha yau, mu tsallake gobe, har Allah ya sa a buɗe hanya.

Matan ƙungiya sun sani, kuma yabo na sha. Har ana cewa a yi koyi da ni. Ba zan ɗora wa ma'aikaciyar lafiya laifi ba, don ta sha faɗa mana a sha kullum ba fashi. Mu muka ɗauka irin maganar asibiti ce, kamar yadda suke cewa a ci ƙwai da nama. Muka ce da babu gara ba daɗi. Duk lokacin da ta tambaye ni ko ina sha kullum, sai in dube ta ido da ido in ce ina sha.

Wata da watanni muna haka. Ni ƙuraje suka feso mini, na ce zafi ne. Ita tari ya kama ta, sai gudawa, sai bakinta ya yi fari fat har ba ta iya haɗiye kunu. Ta daina zuwa kasuwa. Tsoro ya shige ni. Na samu wani masunci da ya yarda ya ƙetarar da ni cikin jirginsa, na nufi gidan tsohuwar nan ta ƙungiyar Benin, ko za ta samo mana maganin daga asibitinsu.

Na same ta tana tsince wake. Na ba ta labari tiryan-tiryan, har da ɗan alfahari wajen rabon. Ta ajiye faifan.

"Tun yaushe kunka fara?"

Na faɗa mata.

"Ɗiyata, kin taɓa ganin manomi ya tsinka maganin feshi da ruwa don ya ishi gona biyu? Ƙwarin ba su mutuwa. Sabawa su kai, har in ya kawo mai ƙarhi daga baya su cinye mai wake yana kallo. Haka ciwon ga yake. Kun koya mai maganin."

Na ce ta yaya ta sani. Ta ce sun yi irinsa a ƙungiyarsu shekarun baya, lokacin da ruwa ya yanke musu hanya. Wasu ya da ƙanwa ne suka raba, kuma duk biyun an rufe su.

"Mi ya hana ki hwaɗa muna, Inna?"

"Ni na ba su shawarar," in ji ta.

Ban taɓa jin haushin babba kamar na ranar ba. Shekara da shekaru muna zama tabarma ɗaya, muna koya wa juna yadda ake hana roba ƙara, amma abu ɗaya da zai tsare rai ta danne shi a ciki. Na buɗe baki zan yi mata rashin kunya, sai na tuna sau nawa na ce wa ma'aikaciyar lafiya ina sha kullum. Na tashi ko sallama ban yi ba.

Da na dawo ban nemi yardar kowa ba. Muka ɗora ƙanwar mijina a kan kabu-kabu, na zauna a bayanta na ɗaure mu da zani don kada ta zame. A hanya ta jingina kanta a kafaɗata ta ce, "Matarmu, yau kin samu yadda kike so." A Bagudo mai ba da katin ya ɗago kai ya gane ta sarai. Ya gaishe ta da ladabi, ya rubuta, ya ce Allah ya ba da lafiya. Har yau ban ji maganar ta fita daga bakinsa ba.

Na faɗa wa likita gaskiya. Aka yi mana gwaji, aka sauya mana magani mu duka biyu. Ni ya karɓe ni. Ita jikin ya riga ya yi nisa. Ta rasu farkon damina, ana shuka.

Yanzu duk wadda ta shigo ƙungiyarmu, kafin ta zauna sai ta ji wannan labarin daga bakina. Na kai shi Kurgu, na kai shi ƙauyukan bakin gulbi. Tsohuwar ma daga baya ta fara faɗin nata. Dokarmu ita ce a raba tuwo, a raba sabulu, ba a raba ƙwaya. In maganin wata ya ƙare, biyu daga cikinmu za su raka ta asibiti ko tana zagi. An kira ni marowaciya ba sau ɗaya ba, kuma ban damu ba.

Mutum ɗaya ce ban iya ba wa labarin ba. Ranar uku da rasuwar, bayan mata sun ragu, ɗiyar marigayiyar ta matso kusa da ni ta kama hannuna. Ta yi ƙasa da murya.

"Matar kawu, na daɗe da sanin ciwon Inna. Tun kahin aurena ni ke share mata ɗaki, na ga robar. Mijina ma ya sani. Mun yi shiru ne don kada ta ji kunya."

Na kasa ɗaga ido.

"Da tana kwance ta hwaɗa min ke kinka raba maganinki da ita, kina sha yau ki bar mata na gobe. Ba don ke ba da ba ta kai haka ba. Allah shi saka miki da Aljanna."

Ta tsaya tana jiran amsata, hannuna cikin nata. Na ce amin.