Lambobin da Na Kwafa daga Gadon Maƙwabcina

A lokacin da abin nan ya faru shekarata arba'in da takwas, ni ne foman na masu lodi a wani kamfani a Kudenda, ina zaune da iyalina a Makera. Mutum ashirin ne a ƙarƙashina, a coci ina cikin dattawa, amma ban iya karatu da rubutu ba. Ban da matata babu wanda ya sani. Lissafin buhuna da ka nake yi. Ina yawo da biro a aljihun gaba, in an miƙo mini takarda sai in ce na manto tabarau a gida.

Sai ciwon zuciya ya kwantar da ni. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, aka ba ni gado a wani babban asibiti inda likitoci ke samun horo kafin su zama ƙwararru. Wadda ke kula da ni wata matashiyar likita ce mai irin wannan horon, sa'ar 'yata ta fari. Tun bakwai na safe tana ɗakin. Ta bi gadaje ɗaya bayan ɗaya, ta ɗebi jini da kanta, ta ruga neman sakamakon gwaji, sannan ta tsaya bayan babban likita lokacin zagaye yana yi mata tambayoyi kamar a kotu. Abincinta biskit da ruwan leda, a tsaye. Akwai ɗan littafi a aljihunta da take buɗewa duk ta sami sarari, domin jarrabawa na gabanta, kuma ba ta da ikon rubuta ta sai babban likitan ya sa mata hannu. Baba take kirana, ni kuma in ce mata 'yata.

Nas-nas sun yi kaɗan a ɗakin, don haka ta kawo mini wani kofin roba mai layi-layi da takarda. Ta ce duk fitsarin da na yi in auna in rubuta, da shi za ta san ko allurar da ke fitar da ruwa daga jikina tana aiki. Ta kalli birona ta yi dariya, ta ce ai foman ba sai an koya masa ba. Na ce to.

A gadon kusa da ni akwai wani makanike Ibo daga Kakuri mai ciwo irin nawa, shi ma an ba shi kofi da takarda, amma shi ya fara samun sauƙi. Kullum sai ya tsokane ni, wai Oga foman, yau lita nawa kamfaninka ya fitar. In ya tafi banɗaki sai in jawo takardarsa in zana abin da na gani a tawa, kamar mai kwaikwayon zanen hula. Likitar kuma ta kwashe ta rubuta a fayil ɗina da hannunta. Kwana huɗu ina haka. Takarda ta ce ina warkewa, sai ta rage maganin. Jikina ya ƙara cika da ruwa, na kasa kwanciya sai a zaune. Ta tambaye ni ko ina satar cin gishiri, na ce a'a. Kowace safiya nakan yi niyyar faɗa mata, sai in ga makaniken ya kasa kunne, ko 'yan cocinmu sun shigo gaisuwa. Kowace rana kuma ƙaryar na ƙara tsawo, fita daga cikinta na ƙara wuya.

Ranar zagaye babban likita ya danna ƙaurina, yatsansa ya nutse. Ya duba fayil ɗina, ya duba na makaniken, ya ga lambobin iri ɗaya har kwana huɗu. A gaban ɗalibai da nas-nas ya ce mata a tebur ta zauna ta ƙirƙiro su, kuma likitan da ke haka wata rana sai ya kashe mutum. Ya ce kada ta sa ran zai sa mata hannu a wannan karon. Ta ce masa marasa lafiyar ne ke rubutawa, ta shiga neman takardata a kan loka, ɗan akwatin gefen gadona. Takardar na ƙarƙashina, na zauna a kanta. Ta kalle ni, ni kuma na rufe ido kamar numfashi ne ya dame ni.

Kwana goma na ƙara a gadon nan, su ne mafi tsawo a rayuwata. Da ta canza mini fuska da na ji sauƙi. Amma kullum sai ta zo ta ce Baba ya jiki, ta ɗaga kofin ta auna da kanta. Sai ranar sallama na miƙa mata takardar na faɗi gaskiya. Ta daɗe tana kallon zanen nawa, sannan ta ce da na gaya mata, da igiya kawai za ta ba ni in riƙa yin ƙulli ɗaya duk na cika kofi. Na roƙe ta ta kai ni wurin ogan nata. Ta ce an riga an rufe sunayen masu rubuta jarrabawar, sai bayan wata shida, kuma a aikinsu ƙaramin da ya jawo mara lafiya ya yi masa shaida a gaban babba ya ƙara wa kansa laifi ne. Ta ce in rage gishiri, ta wuce gado na gaba.

Yanzu shekarata uku a ajin yaƙi da jahilci a Trikania, wannan wasiƙar kuma mako uku na yi ina rubuta ta. Na gane cewa kunyar da na ɗauka tawa ce ni kaɗai, wata ce ta ɗauki nauyinta. 'Yan'uwana manya, waɗannan likitocin masu koyo da abin da muka gaya musu ake auna su. In an ba ka abin da ba ka iya ba, ka faɗa tun a ranar farko. Ban san ko ta ci jarrabawar ba. Na koma ɗakin sau biyu, aka ce an mayar da ita wani sashe.