Tsohon Bafaranshe da Abokina Ɗan Maraɗi

Kafin in koma kasuwanci na yi shekaru ina riƙe kyamara a finafinan Kano. Da na fara zuwa Guangzhou sarin fitilu, na zauna ɗaki ɗaya a unguwar Panyu da wani ɗan Maraɗi, mai sarin silifa. Bai taɓa kallon fim har ƙarshe ba, barci ke ɗauke shi.

Wata Juma'a muna cin abinci sai wani tsohon Bature ya ji shi yana waya da Faransanci, ya jawo kujera. Abokina ya riƙa fassara mini. Tsohon mawaƙin baiti ne, kuma darakta. Fim ɗinsa na farko ba labari, ba jarumi, duhu ne kawai da murya, har 'yan kallo suka jefe shi da takalma. Bai taɓa samun riba ba, kuma bai daina ba. Yanzu kwantenonin tashar jiragen ruwa ta Nansha ya zo ɗauka a fim.

Na ce, "Aboki, gaya masa sana'ata ce."

Na miƙa wa tsohon wayata ya ga aikina. Ya kalla kaɗan, ya yi wata doguwar magana.

"Me ya ce?"

"Ya ce ya yi kyau."

"Duk wannan zancen?"

Abokina ya sosa ƙeya, ya ci gaba da cin shinkafarsa.

Washegari abokina aka gayyata wurin ɗaukar fim ɗin. Ni na bi su, aka ba ni jakar batir. Tsohon ya tsayar da shi gaban kwantenoni, rana na bayansa, fuskarsa duk inuwa. Na ce a juya shi. Ba wanda ya fassara. Ya sa shi ya faɗi sunayen garuruwan da silifarsa ke zuwa, a hankali, da Hausa. Sai na ga idon tsohon ya kawo ruwa. Ni kuwa ina gefe, rungume da jakar batir.

Bayan shekaru aka turo wa abokina fim ɗin, tare da labarin rasuwar tsohon. An nuna shi a Faris, shi ne aikinsa na ƙarshe. Abokina ya ce, "Allah sarki, dattijon kirki," ya tura mini, ya koma waya da mai kamfanin silifa.

Ni na zauna na kalla, ina neman kuskure. Na samu da yawa. Duk da haka da muryar abokina ta fara jero garuruwan nan, ta ce "Tasawa", sai da tsigar jikina ta tashi. Har yau in ya tambaye ni yadda fim ɗin yake, nakan ce, "Ba laifi."